Motar Da Ba Ta Ɗaukar Albasa

Tun da na dawo daga Kwatano ban huta da tambaya ba. A gidan suna a tare ni, a wurin adashi a tare ni, har a asibiti da na je awon hawan jini wata ta bar layinta ta dawo kusa da ni, wai in gaya mata yadda teku take da yadda aka yi na sayo motar. Bakina ya gaji. Kuma na lura duk wadda na ba labarin sai ta kai shi gaba da ƙari. Ran kasuwar Tsernawa wata ta riƙe hannuna tana yi mini addu'a, wai ta ji takarar depite, wato ɗan majalisa, zan tsaya, shi ya sa na yi mota. Wannan maganar ce ta zaunar da ni na ɗauki alƙalami. Wadda ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita, a bar ni in sha ruwa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Rabi. A Malbaza aka haife ni, a Ƙwanni nake aure. Na daɗe ina koyar da Faransanci a lakwal kafin in ajiye alli in kama fataucin albasa: in saya a Galmi, in loda kamiyo, in tura kudu. Allah ya sa wa abin albarka. Amma da na zauna na dubi abin da na mallaka, sai na ga duk na ɗaukar kaya ne. Amalanke, buhuna, rumbunan ajiye albasa, har ni kaina. Gaban kamiyo kuwa na hau shi har ƙuguna ya haddace ramukan da ke tsakanin Galmi da Gaya. Wata rana a Yamai ɗiyar wata ƙawata ta rage mini hanya a motarta, ƙirar Jamus, mai ƙofa huɗu, ba ƙatuwa ba kuma ba ƙarama ba, gajera, kujerunta na fata. Da ta taka ta a kan gada sai na ji bayana ya manne da kujera. Na sauka da abin a raina, ya yi shekaru a ciki bai fita ba. Tuƙi dai na iya, da tsohuwar motar maigidana na koya, takardar tuƙina ma tana nan.

Maigidana Malam Isufu bai ja maganar ba. Ya ce gumina ne, abin da ya roƙa kawai kada in tafi ba muharrami. Wanda ya ja ta shi ne Yaya Sanda, babban wanmu, mai kamiyoyin siminti a Malbaza, wanda tun rasuwar Baba shi ke yanke magana a gidanmu. Takanas ya zo Ƙwanni. Ya ce mai sana'ar albasa akori-kura ce ta kamace ta, mai buɗaɗɗen baya, wadda za ta shiga gona ta fito, in biki ya tashi kuma a kwashi dangi. Ya ce irin wadda nake so gajera ce, ba ta jure hanyoyinmu, ta ƴan siyasa ce da yaran da ba su san zafin nema ba, kuma mace mai shekaruna in ta shige ta a garin nan sai an yi da ita. Na ce na ji, amma ita nake so. Ya daɗe yana juya hularsa a gwiwa, sannan ya sassauta murya. Ya ce to, zai ba ƙanenmu Hamidu hutu daga kamiyon da yake ja masa ya raka ni, kuma akwai amininsa ɗan Ƙwanni, Alhaji Mudi, dillalin motoci a Kwatano, ya ishe ni komai. Har godiya na yi masa, na raka shi bakin mota.

Ranar tafiya da safe muka hau babbar motar fasinja, wadda aka ce mai sanyi ce. Sanyin ya kai mu Dogon Dutsi ya mutu, tagogin kuma ba a buɗe su. Da aka yi wa direba magana sai ya ce tikitin tafiya aka sayar mana, ba na iska ba. Kusa da ni wata tsohuwa ce ƴar Bazaga, za ta Doso ganin jikanta, da ƙullin wake a cinya da ƴar jarkar nono wadda zafi ya kumbura, duk ramin da muka faɗa sai jarkar ta yi tsaki kamar mai rai. Tsohuwar na da daɗin hira. Ta tambaye ni abin da zai kai ni ƙasar da ba a shan fura, na ce mota zan saya. Ta dubi Hamidu da ke can gefe yana gyangyaɗi, ta ce ashe maigidan nawa yaro ne, amma da gani yana da zuciyar nema. Na ce ƙanena ne, kuma motar tawa ce. Ta yi dariya har ta rungume jarkarta, ta ce mutanen birni dai da ba'a.

Ita na yafe mata, tsohuwa ce. Waɗanda ban yafe wa ba su ne masu kaki. A kowane shinge sai a sauke mu, mu miƙa katin shaida, mu taka da ƙafa zuwa gaba cikin rana mu jira a kira sunaye. Dab da Gaya wani jandarma da bai kai ɗana na fari ba ya riƙe katina a hannu, ina tsaye gabansa, ya juya ya tambayi Hamidu ina zai kai ni, ko asibiti ne. Na ce masa mai katin tana da baki, ga ta nan. Ya dube ni kamar akuya ce ta yi magana.

A Gaya muka kwana a tasha, maza gefe mata gefe, kan tabarmin da suka sha jikin duniya. Sauron Gaya ba ya jin hayaƙi, ba ya jin zane. Abin da zan yaba wa garin shi ne kifi, soyayye da yaji da ɗanyar albasa, kuma daga ɗanɗano na san albasar ta gida ce.

Washegari muka haye gadar kogin Isa, iyakar ƙasarmu. A wancan ƙetaren wani ma'aikaci ya ce hatimin da ke kan katina na rigakafi ya dushe, ba ya karantuwa. Hatimin ƙalau yake. Kowa a layin ya san abin da mutumin ke nufi, Hamidu har ya kai hannu aljihu, na riƙe masa hannun. Na ja benci na zauna na ce ya kira babbansa mu karanta tare. Motarmu ta tsaya jirana. Abin da ya fi ƙona mini rai, fasinjojin nan ƴan ƙasarmu ba wanda ya ce wa mutumin uffan. Ni suka zagaye, wannan ya ce Hajiya ki taimake mu, wancan ya ce mata dai da taurin kai. Da ma'aikacin ya ga ba zan motsa ba sai ya jefo mini katin kan tebur. Na koma mota ba mai kallona, sai ka ce ni na tare hanya.

Kafin a gama binciken kaya na leƙa kasuwar Malanbil, can na ga abin da ya kusa mantar da ni mota. Buhunan wata albasa fara-fara mai ruwa, ko daga ina aka kwaso ta oho, an lulluɓe bakin buhun da tamu ana kiranta ta Galmi. Na tona buhu ɗaya da hannuna na nuna wa mai ita. Ya ce in ba saye zan yi ba in mayar masa yadda na gani. Hamidu ne ya janye ni, yana ba mutumin haƙuri a kan laifin da ba mu muka yi ba.

Daga nan ƙasa ta fara canja kama. Itatuwa suka yi yawa, iska ta yi nauyi, zufa ta daina bushewa a jiki. Zafin gida ƙona mutum yake ya bar shi a bushe, na can kuwa dafa shi yake. A Faraku aka tsaya cin abinci. Sakwara ce, mata uku na kirɓa ta a turmi ɗaya, da miyar gyaɗa, ni kuma na sa aka zuba mini soyayyen cukun Fulani don na ƙi naman da ban san wanda ya yanka ba. Ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba, amma kafin mu kai gari na gaba cikina ya manta da ita. Gaisuwarsu kalma ɗaya ce, ba mai tambayar ka gida ko gajiya, balle ya jira ka tambaye shi. Sai dai na ga mace a kan babur, goyo a baya, daro a ka, tana ratsa manyan motoci, kuma duk titin ba wanda ya waiwaya ya dube ta. Ni kaɗai na bi ta da ido har ta ɓace.

Alhaji Mudi ya tarbe mu a tashar Kwatano. Ƙato ne, ga fara'a ga turare. Ya rungume Hamidu, ni kuma ya ce sannu Hajiya ya hanya, bai jira amsa ba. Masaukin da ya tanadar mini a Zango wani ɗaki ne bayan shagon taya, tayoyi jibge har rufi, katifa ɗaya a ƙasa, makewayi ɗaya da direbobi ke bin layinsa. Ya ce duk mutanen Alhaji Sanda nan suke sauka. Na ce su direbobinsa ne, ni ƙanwarsa ce. Na fita waje na kira Maman Rozin, matar da ta daɗe tana sayen albasata amma ba mu taɓa ganin juna ba sai murya.

Da kanta ta zo. Gajera ce kakkaura, Kirista, Hausarta ta kasuwa ce, namiji da mace duk "ka" take ce musu. Ta kwashe ɗakin ɗiyarta ta ba ni. Ta aika aka sayo sabuwar buta da sabuwar tukunya don kada in yi ƙyanƙyami, ta ɗaure karensu a baya, ta je ta tambayo wani maƙwabcinta musulmi ina ne gabas. Da safe na fito na iske mijinta, dattijo mai furfura, yana sharar tsakar gida, ya gama ya zauna wanke kwanuka. Ni na kau da kai don kunya, shi ko a jikinsa. Abincinsu akasa, wani abu kamar koko mai tsami da ya daskare a ganye, da kifi da barkonon da sai da na nemi ruwa da hannu don baki ya ƙi buɗuwa. Masu tambayar teku kuma, ta kai ni na gani. Ruwa ne mai yawa yana ta hargowa, ba a sha, ba a ban-ruwa da shi.

Wurin sayar da motocin yana bayan gari, kan hanyar Najeriya. Fili ne da ido ba ya kai ƙarshensa, an yayyanka shi da katangu, mota jere da mota, duk waɗanda Turawa suka gaji da su suka turo ta ruwa. Yawancin masu wuraren Larabawa ne, suna zaune cikin ɗakunan sanyi, dillalai na yawo a rana. Na gaya wa Alhaji Mudi abin da nake so dalla-dalla, ya ce an gama.

Ta farko da ya nuna mana, ƙofarta sai an bangaje ta da ƙugu take rufuwa. Ta biyu da na buɗe wani warin ruma ya buge ni, na taɓa ƙarƙashin kujera na ji danshi. Ta uku da aka tashe ta, fitilun gaban direba suka kama gaba ɗaya, ja da rawaya, kamar shagon mai sayar da lantarki. Kowace muka tsaya gabanta sai ya juya wajen Hamidu ya ce ka gani ko, irin waɗannan haka suke, ba sa jure ƙasarmu, kayan gyaransu sai an yi odar su. Ni mai saye ina bayansu kamar wadda ta biyo su roƙo. Ta cikin ƙofofin wasu wuraren ina hango masu kyau suna ƙyalli, in na nuna sai ya ce an sayar, ko ya rage murya ya ce takardunsu ba su da tsabta. Haka muka wuni har ƙafafuna suka kumbura cikin takalmi.

Da la'asar ya shigar da mu wani wuri inda aka ware wata farar akori-kura gefe guda, an wanke ta, ruwa bai ma gama ɗiga daga jikinta ba. Balaraben da ke da wurin ya fito yana murmushi, ya tambayi Alhaji Mudi da Faransanci ko madam ta ga abin da take so. Shi kuma ya amsa masa da Faransanci, ina tsaye dab da kafaɗarsa. Ga abin da ya ce, ban ƙara ban rage ba:

"Kada ka damu da ita. Wanta ya riga ya zaɓi wannan tun kafin su taso. Mun zagaya da ita ne ta gaji, ta ga waɗancan ba su da kirki. Gobe za ta biya."

Ya ga lulluɓi, ya ga lalle, ya ga carbi, ya yanke cewa ban taɓa shiga aji ba. Na matsa gaba na gaida Balaraben da irin Faransancin da nake yi wa ɗan ajin da ba ya ganewa, sannu-sannu, kalma bayan kalma. Na ce masa ni ce mai biya, ban zaɓi komai ba, kuma daga yanzu mutumin nan ba da bakina yake magana ba. Sannan na juya ga Alhaji Mudi da Hausa.

"Alhaji, Faransancin naka ma yana son gyara, amma ba yau ba."

Na zaci zai ji kunya. Ko kaɗan. Ya buɗe hannuwa ya ce ai taimakona aka yi, Alhaji Sanda ya fi ni sanin mota, kuma mace in tana da babba a kanta ai hutu ta samu. Wannan ya fi maganar farko ciwo, don har zuciyarsa ya yarda alheri suka yi mini.

A waje, jikin katanga, na tsare Hamidu na tambaye shi ko ya sani.

"Na sani, Yaya. Cewa yay yi in na bari kinka sawo waccan, in aje mai makullin kamiyonai."

Hamidu na da mata da ƴaƴa ƙanana, kuma kamiyon nan shi ne abincinsu. Sai fushin da na ɗauko masa ya rasa wurin sauka. Ashe tun daga Ƙwanni yake tafe da wannan a ƙirji, shi ya sa yake ta barcin da ba barci ba. Na ce masa gobe ya zauna a Zango, in an tambaye shi ya ce na kuɓuce masa, ba mai ganin laifinsa. Ya tambaye ni me ya sa na nace haka a kan mota, alhali akori-kurar ba ta da aibi.

"Tun ina ɗiya nike ɗaukar kaya, Hamidu. Abu guda nika so wanda ba ya ɗaukar komi sai ni."

Da gari ya waye na fito na same shi zaune a ƙofar gidan Maman Rozin yana jiranmu.

Mu uku muka koma, kowa a bayan ɗan kabu-kabu mai rawayar riga. Ba dillali, Maman Rozin ce gaba, tana shiga wuri kamar ta zo karɓar haya. Kafin azahar mun ga masu lafiya sun fi a ƙirga, ashe jiya ma suna nan. Na tace na tace har suka rage uku.

Ta farko ruwan azurfa ce, ƙirar Jamus, cikinta har da katako mai sheƙi. Laushi gare ta, rami ma ba a jin sa. Amma tana tafiya kamar mai jin barci, kuma duk daɗinta a kujerar baya yake. Motar da ake ja ka ce kana karanta jarida, ni kuwa ba don a ja ni na zo ba. Ta biyu fara ce ƙirar Japan, ita Hamidu ya so. Ya ce kayan gyaranta har a Sakkwato an zuba, ta fi sauran tsayi daga ƙasa, kuma ko man kwalba na ƴan ruwa-ruwa aka ba ta za ta sha ta yi godiya. Duk gaskiya ya faɗa. Na ja ta na dawo, ba ta yi mini laifin komai ba, ba ta kuma ce mini komai ba.

Ta uku shuɗiya ce mai duhu, ita ma ta Jamus amma ta wani gidan, mai dogon hanci, ta lafe da ƙasa kamar mage za ta kama ɓera. Hamidu ya kwanta ƙarƙashinta, ya fito ya buɗe gaba ya saurari injin, sannan ya jero mini aibobinta ba sassauci. Cikinta kusa da ƙasa. Tayoyinta sirara. Ba ta shan mai sai na gidan mai. In ta yi ciwo sai an kai ta Yamai ko Sakkwato wurin mai na'ura. Na ce na ji, a ba ni in taɓa. Mai wurin ya miƙa makulli wajen Hamidu, Maman Rozin ta cafke shi a hanya ta danƙa mini a tafin hannu.

Na fito da ita kan babban titi a hankali. Ba ta da laushin ta farko, kowane tsakuwa sai ta gaya maka ta taka shi. Amma inda na nufa nan take zuwa, tun kafin in gama juya hannu. Da hanya ta buɗe na ɗan danna. Bayana ya manne da kujera. Hamidu ya kama madafar da ke saman ƙofa yana salati ƙasa-ƙasa, ni kuma na ji ina dariya ni kaɗai, irin wadda rabona da ita tun ina budurwa. Da muka dawo abu uku na tambayi Hamidu: injin lafiya, ba ta taɓa haɗari ba, ruwa bai taɓa cinye ta ba? Ya ce duk lafiya. Na ce sauran na ɗauka. Ban biya ranar ba, sai da na koma na yi salla na roƙi zaɓin Allah, na kwana na tashi raina bai canja ba. Cinikin Maman Rozin ta yi shi, har sai da mai wurin ya cire tabarau ya share fuska ya ce ba ya fatan sake ganinta.

Motocin da za su ƙasarmu a ayari suke tasowa da rakiyar duwan, wato ƴan kwastan, ba a tsayawa inda aka ga dama, don haka Hamidu ya ja ta har iyaka. A Gaya muka yi zaman jiran takardu, muna cin kifi sauro na cin mu. Duk wanda ya zagaya motar sai ya tambayi Hamidu ta wane minista ce. Da aka sallame mu na karɓi makulli. Kafin Dogon Dutsi akwai inda ake gyaran hanya aka karkatar da mu cikin jar ƙasa, nan cikinta ya gurji dutse, ƙarar ta bi ta haƙorana. Tudun rage gudu kuwa na koyi hawansa a karkace, sannu-sannu, har wani mai amalanken jaki ya wuce ni yana waiwaye. Gajera ce, wannan Yaya Sanda bai yi ƙarya ba. Da ya tsaya a faɗa mini haka ya bar ni da zaɓina, da ba mu kai inda muka kai ba.

Da muka iso gida Malam Isufu ya fito ya ɗora hannu a kanta ya yi addu'a, sannan ya buɗe gaba ya zauna ya ce in kai shi masallaci. Masallacin a ƙarshen layinmu yake.

Yaya Sanda bai zo ba, bai kira ba. Ya karɓe makullin kamiyo daga hannun Hamidu kamar yadda ya ce. Sai da na je Malbaza na zauna a zaurensa na ce in akwai mai laifi ga ni, yaron nan aikensa aka yi kuma ƙarfinsa aka fi. Na gaya masa abin da amininsa ya faɗa da Faransanci, kalma bayan kalma. Bai musa ba, bai ba da haƙuri ba. Ya ciro makullin ya ajiye kan tabarma ya ce a kai wa Hamidu. Da ya fito zuwa masallaci ya ratsa ta gefen motata da ke ƙofar gidansa kamar jaki aka ɗaure a wurin. Ko Allah ya sanya alheri bai ce ba.

Bayan ƴan makonni neman auren ɗansa ya taso a wani babban gida a Illela, tasa motar kuma tana garaji. Matarsa ya sa ta kira ni, wai ko za a ara musu tawa, don gidan masu ido ne. Na ce ba na ba da aro, amma zan kai shi. Da na isa Malbaza ya fito cikin babbar riga ya tsaya tsakanin ƙofar gaba da ta baya, ya daɗe. Ƙarshe ya buɗe gaba. Muka bi ta Tsernawa, muka ratsa lambunan Badagishiri. A Illela maza suka kewaye motar suna yaba ta, shi yana gyaɗa kai. Na rufe ta, na jefa makulli cikin jakata a gabansu, na shige wurin mata. An ba su yarinyar.

A komowa, bayan Badagishiri, hanya ta miƙe ba kowa a kanta. Na lura yana shafa fatar kujera da yatsa, yana leƙen allurar gudu. Mutumin da ya yi ƙuruciyarsa a kan sitiyari ne, na san abin da ke cin sa. Ya yi gyaran murya.

"Iyakar gudunta ke nan?"

Na ce a'a, ko rabi ba ta yi ba.

"To taka ta mu gani mana."

Can gabanmu wani kamiyon siminti ne ya sauke kaya a Tawa yana komowa, yana tafe yana tuƙar hayaƙi. Da muka matso na gane shi, ɗaya daga cikin nasa ne. Na ɗaga ƙafa, na rage, na shige bayansa na lafe. Hanya a buɗe, ba mai zuwa ba mai tafiya, amma haka na bi shi har Malbaza. Yaya Sanda ya juya fuska wajen taga. A ƙofar gidansa ya sauka, ya tattara rigarsa, ya rufe ƙofar motar a hankali da hannu biyu.

Ranar da ya ce Allah ya sanya alheri, zan taka masa ita.